Za a iya tara wa asibitin yara kuɗi da gashin baki a Gombe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu tsofaffin ɗaliban aji ɗaya ne, mun kai arba'in a guruf ɗin WhatsApp, yawancinmu muna cikin garin Gombe. Ɗaya daga cikinmu da ke karatu a waje ya kawo shawarar mu yi irin abin da Turawa ke yi: maza su bar gashin baki na wata guda, jama'a su riƙa ba da kuɗi a kan haka, a kai wa ɓangaren yara na asibiti. Wasu sun ce shirme ne, wasu sun ce ya saɓa wa sunna. Shin zai yiwu a nan? In zai yiwu, ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu, amma ba a yadda aka kawo muku shi ba. Gashin baki a karan kansa ba ya kawo ko kwabo. Aikinsa ɗaya ne: ya sa wanda ya saba da fuskarka ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya? Ko kun ɓata da mai aski ne?" Wannan tambayar ita ce ƙofar. In aka yi maka ita kana da amsa a shirye, da sunan abin da za a saya, da lambar asusu a wayarka, kuɗi zai shigo. In ba ka da su, sai a yi dariya a wuce, wata ya ƙare ku tashi da gashi kawai.

Asalin abin ba shi da nisa. A birnin Los Anjalas na Amurka aka fara Mustaches for Kids a 1999, inda maza ke barin gashin baki na makonni huɗu suna tara wa ƙungiyoyin taimakon yara kuɗi. Movember, wadda ta fi suna, ta taso ne daga Melbon ta ƙasar Ostiraliya a 2003 da mutum 30, kuma kuɗinta na lafiyar maza ne: sankarar mafitsara (wato prostate), ta maraina, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokarsu ita ce a aske fuska tas ranar 1 ga Nuwamba, a bar gashin baki shi kaɗai, ba gemu. Abin ya karɓu a can ne don a lokacin gashin baki ya zama tsohon yayi, duk wanda ya bar shi sai an kalle shi. To a Gombe fa? Rabin mazan da za ka haɗu da su daga Jekadafari zuwa Pantami suna da shi, ba wanda ya taɓa tsayar da su.

Waɗanda suka ce muku akwai maganar sunna ba su yi ƙarya ba, kada ku mai da su 'yan hana ruwa gudu. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi umarni a rage gashin baki a bar gemu, dokar Movember kuwa kishiyar haka ce daidai. Akwai kuma hadisin Anas a Sahihu Muslim da ya sa wa'adin kwana arba'in, kada a wuce shi ba a rage gashin baki ba. Sannan ga wani abu da masu kwaikwayon kan manta: a Muwaɗɗa, Imam Malik ya ce a rage shi har gefen leɓe ya bayyana, bai yarda a aske shi tas ba. Ke nan a wurin wanda ke kan Malikiyya, ko askin ranar farkon ma abin dubawa ne. Wasu malaman sun halatta askewar. Ba mu za mu yanke muku hukunci ba, amma wannan ya isa ya nuna cewa dole ku je wa malamin da jama'arku ke saurara kafin ku sanar. In kuka bari sai wani ya ɗauki hotonku ya hau mumbari da shi, gyara zai yi wuya.

Tsarin da ya fi kauce wa wannan rigima shi ne kwana 30, wanda bai kai wa'adin arba'in ba. Ba wanda zai taɓa gemunsa. Ranar farko kowa ya je a rage masa gashin baki da kilifa, a sa mata ƙaramin kum lamba ɗaya, wanda ke barin kamar milimita 3, kada a sa reza. Daga nan a bar shi ya cika, abin da ya sauko kan leɓe kaɗai za a riƙa datsewa da almakashi. Waɗanda dama aikinsu ya sa suna aske gemu, kamar sojoji da 'yan sanda, da 'yan'uwa Kiristoci da ke cikinku, su suna iya yin sa yadda aka san shi, kuma a fuskarsu ne zai fi fitowa.

Sai dai a faɗi gaskiya: gashin fuska na tsiro ne kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita zuwa rabin milimita a rana, wato santimita ɗaya ko ɗan fiye a wata. A fuskar mai cikakken gemu wannan ba zai sa kowa ya waiwayo ba. Don haka ku haɗa masa alama ta biyu wadda ido ba zai tsallake ba. Hula iri ɗaya mai launin da ba a saba gani ba, kowa ya sa ta kullum har ofis har masallaci, ta fi komai sauƙi. Baji a ƙirji ma yana yi. Matan da ke cikinku za su iya sa lalle a yatsa ɗaya tak, su riƙa sabunta shi, shi ma yana jawo tambaya. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar fatawa: duk mai zuwa aski mako-mako ya daina aske kansa na wata ɗaya, ya zuba kuɗin askin huɗu a asusu. Kada ku bar masu askin a baya, tunda ciniki za ku rage musu. Ku roƙe su su manna takardar a jikin madubi, domin ba inda namiji ke zama minti ashirin yana kallon wuri ɗaya kamar nan.

Yanzu ga inda aikin yake. Kafin a taɓa almakashi, ku fara da asibitin. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da asibitin mata da yara na Zainab Bulkachuwa. A wajen gari akwai manyan asibitoci a Kumo, Bajoga, Billiri, Kaltungo, Dukku da sauransu. Ku zaɓi ɗaya, a cikinsa ma ku zaɓi ɗaki ɗaya. Kuɗin da mutum arba'in za su tara ba ya gyara asibiti, amma yana iya canza ɗaki guda. Ɗakuna biyu ne suka fi cancanta: na taimakon gaggawa na yara, wanda ma'aikata ke kira EPU, da na jarirai sabbin haihuwa da bakwaini, wato SCBU. Ku lura kuma cewa kuɗin da ba zai yi wani tasiri a babban asibitin koyarwa ba, a asibitin ƙaramar hukuma zai iya zama shi ne abin da ake magana a kai shekara guda.

Ku rubuta wa shugaban asibitin takarda, ku bayyana ko ku su wane ne, me za ku yi, daga yaushe zuwa yaushe, ku nemi izini a rubuce na ambaton sunan asibitin. Ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Neman kuɗi da sunan asibiti ba da saninsa ba yana iya kai mutum gaban hukuma ko da niyyarsa fara ce tas. Ku ba wannan mataki makonni huɗu zuwa shida, domin takarda a ofis ba ta gudu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

In izini ya fito, mutum huɗu za ku zauna da su: shugaban sashen yara, nas ɗin da ke riƙe da ɗakin, injiniyan na'urorin asibitin, da jami'in walwalar marasa lafiya. Kada ku tambaye su "me kuke buƙata?", don za a ba ku jerin da ya fi ƙarfin gwamnati. Ku tambayi nas ɗin: wane abu ne kuka fi rubuta wa iyaye a takarda su fita nema da tsakar dare? Wace na'ura ce yara biyu ko uku ke jira a kanta? Ku tambayi injiniyan: wace na'ura ce ke ajiye a sito don rashin wani ƙaramin abu? Sau da yawa amsar wannan ta ƙarshe ita ce sadaka mafi arha, domin batir ko ƙwan fitila ko waya guda kan tayar da na'urar da sabuwarta ta fi ƙarfinku.

Ɗauki misalin na'urar tace iskar oksijin, wadda kusan kowane ɗakin yara ke so. Ta gama-gari tana ba da lita 5 a minti. Jariri sabon haihuwa kan buƙaci rabin lita zuwa lita 1, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2, don haka in aka haɗa mata abin raba iska, na'ura ɗaya za ta iya ɗaukar yara uku ko huɗu lokaci guda. Wanda ya saye ta ba tare da abin rabawar ba ya sayi na'urar yaro ɗaya. Tana kuma cin wuta kusan wat 350, ba ta hutawa. In ka lissafa awa 24, ya haura yunit 8 a rana. Ke nan tambayar farko ita ce ko ɗakin na da wutar da ba ta yankewa, in babu, kuɗin sola ko batir na cikin kuɗin na'urar. Tana son sitabilaiza, domin wutar da ke hawa da sauka ita ke kashe injinta. Tana da soso a baya mai tare ƙura, ana wanke shi duk mako, da hunturu kuwa har sau biyu, kuma dole a sami na canji don ba a mayar da shi da danshi. A ajiye ta da tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi daga bango. In ƙura da laima suka kai ga tulunan tacewar da ke ciki, za ta ci gaba da ƙara tana hura iska, amma iskar ba ta da ƙarfi. Shi ya sa za ku nemi mai ƙararrawar da ke kuka in ƙarfin oksijin ya sauka ƙasa da kashi 82 cikin ɗari. Ku haɗa da ɗan abin auna iskar jini da ake maƙalawa, mai bakin da ya dace da jarirai, domin na manya ba ya karanta ƙafar bakwaini daidai, kuma da shi ne ake gane yaron da iskarsa ta sauka ƙasa da 90, wanda ke buƙatar a sa masa.

Haka fitilar ciwon shawara ta jarirai, mai shuɗin haske. Tsohon samfuri mai dogon ƙwai yana ci gaba da haske a ido bayan ƙarfinsa ya tafi, sai a yi ta kwantar da jariri a ƙarƙashinsa shawarar ba ta sauka. Mai ƙananan ƙwayayen LED ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ba ta cin wuta, ba ta dafa jariri.

Abin da za mu ce ku yi hattara da shi shi ne kwalbar bakwaini ta hannu da wani zai ce zai turo daga waje. Kyauta ce mai daɗin hoto, mai wahalar riƙo. Ta Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 110, tamu kuwa 230 ce, rana ɗaya wani zai jona ta kai tsaye ta ƙone. In ta lalace ba kayan gyaranta a Kano balle Gombe. Kowace na'ura za ku saya, injiniyan asibitin ne zai rubuta irin wadda yake so, ku nemo farashi daga dillalai uku, a rubuta garantin shekara guda da wanda zai zo ya haɗa ya koya wa ma'aikata. Kada ku biya duka sai an kunna ta a ɗakin a gabansa, ku riƙe kashi ɗaya cikin huɗu har ranar.

Hanya ta biyu ita ce kayan da ke ƙarewa: ƙananan alluran ƙarin ruwa na yara masu lamba 24, tsinken gwajin suga, robar hanci ta oksijin, jakar jini, da allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ita wannan, yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, sau uku a awa 24 na farko: da zuwansa, bayan awa 12, bayan awa 24. Kwalbar miligiram 60 ce, in an haɗa ta ba a ajiye ragowar, don haka yaro mai kilo 10 zai ci kwalba uku kafin a koma na sha. Da wannan lissafin za ku iya gaya wa mai bayarwa cewa kuɗinsa kwalba uku ne, yaro ɗaya. Magani dai a saye shi ta hannun mai harhaɗa magunguna na asibitin, mai lambar NAFDAC, wanda ya rage masa aƙalla shekara guda kafin ya lalace. Ragowar maganin gida da mutane za su ce sun kawo gudummawa, a yi musu godiya a ƙi karɓa.

Ta uku ita ce asusun biya wa marasa hali. Ita ta fi taɓa zuciya, ita kuma ta fi saurin jawo zargi. In za ku yi ta, jami'in walwala ne zai tantance, ku sa iyakar abin da za a kashe wa yaro ɗaya, a biya a wurin karɓar kuɗin asibiti a karɓo rasit, kada a damƙa wa kowa tsabar kuɗi. Ku sani kuma cewa tun 2015 kuɗin da aka biya asibitocin tarayya yana shiga asusun bai ɗaya na gwamnati ne. In kuka zuba gudummawarku dunƙule a can, ba ɓacewa za ta yi ba, amma fito da ita don sayen abin da kuka yi wa mutane alkawari zai bi dogon layin ofis. Sayen kayan da kanku ku miƙa ya fi sauri, ya fi sauƙin nunawa.

A nan ne maganar zakka ke shigowa. Za a sami masu cewa ga zakkarsu. Mafi yawan malamai sun sharɗanta a mallaka wa mabuƙaci ita, don haka ba a sayen na'urar asibiti da ita. Ko dai ku buɗe mata shafi dabam a littafi ta tafi ga marasa hali kaɗai bisa yadda malaminku ya tsara, ko ku faɗa tun farko cewa sadaka kawai kuke karɓa.

Batun asusu: kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da shi ne limamin ajinku. Ba don zai ci ba. Kuɗinsa da na jama'a za su cakuɗe, ranar da aka nemi bayanin banki sai ya zama dole ya tona cefanen gidansa. Ƙaramin asusun waya na matakin farko kuma ba ya riƙe fiye da naira dubu 300, sai ku wayi gari kuɗin mutane na komawa. Yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi yana buƙatar amintattu, da sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. A karon farko ku jingina da ƙungiyar da ta riga ta yi rajista, kamar uwar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarku, da yarjejeniya a rubuce. In hakan bai samu ba, ku buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa hannu, saƙon shigar kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayar mutum na huɗu wanda ba ya cikin masu sa hannun. Abokinku na waje ya sani cewa shafin tara gudummawa na GoFundMe ba ya biyan kuɗi zuwa asusun bankin Najeriya, in zai tara a can da sunansa zai buɗe, sai ya turo tare da shaidar canjin da aka yi masa.

Kowane mai barin gashi a ba shi lamba, daga 01 zuwa 40, duk wanda zai tura kuɗi ta dalilinsa ya rubuta lambar a wurin bayani. Da haka za ku san wa ya kawo nawa ba tare da gardama ba. Hoton alat ba kuɗi ba ne, abin da ya fito a bayanin banki shi ake ƙirgawa. Tsabar kuɗi kuwa sai da rasit mai lamba mai kwafi, a kai banki cikin kwana biyu. Kowane dare bayan isha'i ma'aji ya sa jimilla a guruf, ko da naira dubu biyu ce ta shigo. Wanda ba ya son a ambace shi a rubuta "bawan Allah" da adadin, shi zai gane nasa. Kuɗin hula, buga takarda, data da ruwan taro ku biya daga aljihunku, domin ku iya cewa duk abin da aka bayar asibiti zai tafi, kuma ya zama gaskiya.

Ku yi lissafi da ƙasa-ƙasa. A ce cikin arba'in ɗin 25 ne za su tsaya har ƙarshe, don wasu za su zame, wasu matansu za su sa su aske. A ce kowanne ya samo mutum 15, kowane mutum ya ɗauki naira 100 a rana, dubu 3 ke nan a wata. Mutum ɗaya ya kawo dubu 45, ku 25 kun tara miliyan 1 da dubu 125. Wannan misali ne, ku sa naku alƙaluman, amma a kan irinsa za ku zaɓi abin da za ku saya. Ku sanar da burin da kuke da yaƙinin cimmawa, ku ɓoye na biyu a aljihu. Cika buri a kwana na ashirin a ƙara wani yana ƙara wa mutane ƙaimi, tsayawa a rabin babban buri kuwa yana kashe jiki.

Kuɗin "naira ɗari a rana" a karɓe shi dunƙule tun farko, ko rabi yanzu rabi a tsakiya. Wanda ya ce sai ƙarshen wata in ya ga gashin, a rubuta shi da fensir. Roƙon da ke kawo kuɗi shi ne na mutum da mutum: ka kira kawunka, ka faɗi abin da za a saya, ka faɗi adadin da kake nema a wurinsa. Saƙon da aka watsa wa guruf goma kowa yana ɗauka da wani ake. Ku tsara kwanakin su haɗa albashi biyu, misali daga 28 ga wata zuwa 27 ga na gaba, a bar asusun a buɗe mako guda bayan nan. Nuwamba ta dace da mu ba don Turawa ba: kaka ta yi, hatsi na shigowa Tudun Hatsi, manoma da 'yan kasuwa na da abin hannu. Illarta ɗaya, a lokacin zazzaɓin damina ya fara sauka, don haka in maganinsa za ku saya ku duba kwanan lalacewarsa ya kai damina mai zuwa.

Mako na farko kuɗi zai shigo da zafi, na biyu ya ragu, na uku ya yi tsit har ku fara zargin juna. Haka abin yake, ku shirya masa. Tun kafin a fara ku sami mai hali ɗaya, ɗan kasuwa ko mai gidan mai, da zai yarda ya ninka duk abin da aka tara a mako na uku har zuwa wani adadi, amma kada a sanar sai makon ya zo. Ku riƙa haɗuwa duk Asabar a ɗauki hoton kowa a wuri ɗaya, da haske ɗaya, a jera da na makon jiya. Zaɓen wanda nasa ya fi kyau da wanda nasa ya ƙi fitowa yana kawo raha da kuɗi, a sa ƙuri'a naira 200. Sharaɗin shi ne mai jefa ƙuri'a ba ya cin komai, kyautar gwani kuma wani ne zai ba da ita daga waje. Da zarar an ce a sayi tikiti a ci wani abu daga kuɗin da aka tara, an shiga caca.

Ita fuskar ba ta da wahala. Ƙaiƙayi kan zo a mako na biyu, a wanke da sabulu marar ƙarfi, a shafa ɗan man kaɗanya, musamman da iskar hunturu. Masu aske sauran fuskar su kula da ƙurajen aski: gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi ƙasa sosai sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata. A bi da kilifa ko a aske ta inda gashin ya kwanta, kada a ja fatar. Ranar farko in za a yi askin taro, kowa ya zo da kilifarsa, reza kuma sabuwa ga kowane mutum. Ciwon hanta nau'in B na bin jinin da ido ba ya gani, kuma goge kilifa da fetur ko wuce ta kan wutar laita ba abin dogaro ba ne. Man tsirar da gashi da ake tallatawa ba zai yi komai cikin kwana 30 ba, wanda nasa bai fito ba ya riƙe hularsa.

Hotunan yara marasa lafiya kuwa ku bar su. Ko uwa ta yarda, yardar wadda ke tsaye kan ɗanta tana jiran taimako ba cikakkiya ba ce, hoton kuma zai daɗe a intanet bayan yaron ya girma. Ku ɗauki gadon da babu kowa, ko na'urar, ko nas ɗin in ta amince. Ranar miƙa kaya mutum uku ko huɗu sun isa shiga ɗakin, a wanke hannu, mai mura ya tsaya a waje. Ɗakin jarirai ba a shiga da tawaga. Sauran in suna son su yi wani abu da jikinsu a ranar, ga ɗakin bayar da jini: lafiyayyen da ya kai shekara 18 da kilo 50 zai iya ba da leda guda, kuma yara masu sikila da waɗanda zazzaɓi ya shanye wa jini su ne za su amfana. A sanar da ɗakin mako guda kafin nan don su tanadi jakunkuna.

A wajen miƙawa a rubuta takarda mai kwafi biyu da sunan kowane kaya, adadinsa da lambar jikinsa, ma'ajin sito da nas ɗin ɗakin su sa hannu, a shigar da na'urar cikin rajistar kayan asibitin, a rubuta sunan ɗakin a jikinta da fenti don kada a are ta zuwa wani sashe ta ƙi dawowa. Cikin mako biyu ku fitar da bayanin banki gaba ɗaya da hoton kowane rasit, ku tura wa duk wanda ya ba da ko naira ɗari biyar. Ku ware kashi goma cikin ɗari na abin da aka tara, ku faɗa wa jama'a tun farko cewa na gyara ne. Bayan wata uku mutum biyu su koma ba tare da sanarwa ba, su ga ko na'urar na aiki, su duba lambar awannin da ke jikinta ko ta motsa, su ciro soson bayanta su ga ko ana wankewa. In robar hanci ta ƙare ko sitabilaiza ta ƙone, daga wannan kashi goman za a saya.